Ta Dama Ake Farawa

A ƙarƙashin wani bene da ke kallon tashar bas, akwai lungun da matakala ta bari, faɗinsa bai kai na gado ba. Nan Mai Agogo yake zama, shekara talatin da ɗaya ke nan. Akwatin gilashi a gabansa, fitila mai lanƙwasasshen wuya a gefensa, da ɗan madubin nan na ido ɗaya da yake maƙalawa har ya bar masa zobe a fata. Masu shagunan layin sun zo sun wuce. Mai ɗaukar hoto ya koma sayar da waya, mai sayar da waya ya koma gyaranta, shi yana nan inda aka san shi, shi da maƙwabcinsa Mai Makulli, wanda bakinsa ya fi injinsa ƙara.

Abu biyu aka san shi da su. Na farko, ba ya karɓar agogon da ya san ba zai tashi ba. Zai juya shi, ya buɗe bayansa, ya kara a kunne, sannan ya miƙa wa mai shi da hannu biyu ya ce, "Wannan ya gama aikinsa. A bar shi ya huta." Na biyu, ba ya buɗe shago sai ƙarfe biyu da rabi na rana. Shekara ashirin da biyu yana haka, kuma shekara ashirin da biyu Mai Makulli yana tarbarsa da magana ɗaya.

"Ga mai gyara wa mutane lokaci nan ya iso! Sannu da sammako, Malam."

"Yauwa, mai buɗe ƙofar da ba tasa ba," in ji shi, yana zare kwaɗo.

Kowa a layin ya san dalilin lattin, shi ya sa ba a tambaya.

Ɗa ɗaya Allah Ya ba shi. An sha wuya wajen haihuwarsa, ya daɗe bai yi kuka ba, kuma abin da wannan shirun ya ɗauke bai dawo ba. Bai zauna ba, bai yi rarrafe ba, bai taɓa cewa baba ba. Amma yana da ido, yana da dariya, kuma yana da iko: shi ke yanke lokacin da za a tashi a gidan, da lokacin da za a ci, da wanda zai fita. Uban ya dubi wannan mulki ya sa masa Manaja. Sunan ya bi shi, har likitoci da shi suke kiransa.

Uwar malamar firamare ce. Sai suka raba yini gida biyu. Ita ta fita bakwai saura, shi ya zauna da yaro; ta dawo ƙarfe biyu, shi ya fita. A bakin ƙofa suke haɗuwa, tana cire takalmi yana saka nasa.

"Baban Manaja, ya ci?"

"Rabi."

"Iska fa?"

"Sau biyu. Ki juya shi ƙarfe uku."

"To. Allah Ya ba da sa'a."

Wani zai ce wannan ba hira ba ce. Su kuwa ita ta riƙe su duk tsawon shekarun nan, maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba.

Maganar iska ba ƙaramar magana ba ce a gidan. Jikin da ba ya tafiya, hanjinsa ma nawa yake yi. Kusan kullum bayan abincin safe cikin Manaja yakan kumbura ya yi tauri, in ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji kamar ganga. Sai ya banƙare yana nishi, idonsa na bin uban duk inda ya juya. Wata nas ce, tun yaron na shekara uku, ta kama hannun Mai Agogo ta ɗora a cikin ɗansa, ta nuna masa cewa hanji hanya ɗaya yake bi: ya taso daga ƙugun dama, ya hau zuwa haƙarƙari, ya tsallaka, ya gangara ta hagu. "Ka raka iskar har ƙofa," ta ce. "Kada ka tare ta."

Shi ba ya iya yin abu da ka, sai ya mayar da wannan ma sana'a. Rabin awa bayan abinci, ba ƙasa da haka ba. Ya ɗumama tafinsa a jikin butar shayi. Ɗigo uku na man zaitun. Ya zauna a ƙarshen gado, ƙafafun yaron a cinyarsa, fuska da fuska, ya fara: hawa, tsallakawa, gangara. Zagaye talatin, kowanne daƙiƙa huɗu, agogon bango na yi masa ƙidaya. Sai ya kama siraran ƙafafun nan ya kai gwiwa ƙirji, ya riƙe, ya saki, ya riƙe, ya saki. Sai ruwan ɗumi da aka jiƙa na'a-na'a da ɗan yankin citta, cokali-cokali, kai a ɗage don kada ya ƙware. Ranar da abin ya yi gardama, a ƙara da kwalbar ruwan zafi naɗe cikin tawul. Daga nan sai jira. In iskar ta fita, da ƙararta, Manaja ne yake fara fashewa da dariya har da hawaye, kamar shi ya ƙago abin a duniya. Uban ya miƙe ya ƙame kamar masinja.

"Manaja ya sa hannu! An tashi daga ofis."

In ranar hutu ce, uwar takan ɗago murya daga kicin: "A gaida Manaja da aiki!"

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke Manaja. Kwana huɗu a asibiti, ranar wata Talata da hantsi. Yana da shekara ashirin da biyu da wata biyar.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Mai Agogo ya buɗe shago ƙarfe takwas na safe. Mai Makulli ya ɗago kai, ya buɗe baki, ya rufe. Ya kunna injinsa, babu makulli a kai.

Aikin safe ba shi da yawa. Yanzu kowa a waya yake duba lokaci. Masu kawo agogo tsofaffi ne, da masu son a canja batir. Yakan zauna yana kallon basa-basai suna cika suna tashi. Wajen tara da rabi sai ya tsinci tafinsa biyu sun rungume kofin shayi, suna ɗumama kansu, ba shi ya aike su ba.

A gida Malama, matarsa, ta ɗauki matashin kanta ta koma ɗakin Manaja. Ba faɗa aka yi ba. Tana dafawa, ta rufe masa nasa ta ajiye a tebur. Yana ci, ya wanke kwanon ya kife. Haɗuwar bakin ƙofa ta mutu, don babu abin miƙawa. Sunan da take kiransa da shi yana ɗauke da yaron a ciki, ta kasa ɗaga shi, wani kuma ba ta da shi. Sai ta koma "ka ji" da "ga shi nan".

Shekara ashirin da biyu a tsaye yake cin abinci, da hannu ɗaya, cikin minti uku, kunnensa na ɗaki. Yanzu babu mai kiransa, amma bakin bai samu labari ba. Da rana sai ya tsaya bayan akwatin gilashi ya tura burodi da kifin gwangwani, ya kora da lemon kwalba mai sanyi, kamar ana jiransa. Wata uku da rasuwar, cikinsa ya fara tashi. Ya ɗauki tsinken aikinsa ya ƙara wa bel huda.

Mai Makulli ya lura.

"Malam, wata nawa ke nan? Ka faɗa mana da wuri mu fara shirin zuwa barka…"

Bai ƙarasa ba. Ya tuna da wa yake magana. Ya sunkuya yana neman abin da bai faɗi ba. Mai Agogo ne ya cece shi.

"Iska ce kawai. Irin taka ce, sai dai taka ta baki take fita."

Suka yi dariya fiye da yadda maganar ta kai.

Daga ranar Mai Makulli ya zama likita. Yau ya zo da kanwa, gobe garin gawayi, jibi ya ce a ƙara shan lemo a yi gyatsa, ai da ƙaya ake cire ƙaya. Mai Agogo ya karɓa ya gode ya jefa aljihun tebur. Ya je wurin likitan gaskiya. Aka auna shi, aka tambaye shi ko yana rama, ko yana amai, ko yana ganin jini. Babu ko ɗaya.

"Ba wani mugun abu ba ne, Baba," in ji likitan. "Ka zauna ka ci a hankali, ka bar lemon nan, ka ɗan taka bayan abinci. Da wa kake ci?"

"Da jama'a."

Tasha ce a gabansa, ba ƙarya ya yi ba.

Ya bar lemo. Ya sayi filas, ya riƙa zuwa da ruwan na'a-na'a da citta. In ya ci, ya zaga tashar sau biyu, hannu a baya. Abin ya ragu, bai tafi ba. Saura magani ɗaya, wanda duk garin babu wanda ya kai shi iyawa. In ya koma gida da yamma sai ya rufe ɗakinsa, ya ɗumama tafi, ya kwanta rigingine, ya lumshe ido, ya bar hannun ya yi abin da ya sani. Zagaye talatin. Shiru. Ya ƙara talatin. Iskar na nan dunƙule a ƙarƙashin haƙarƙari, ko gezau. Ya yi mako uku yana gwadawa, sannan ya yanke wa kansa irin hukuncin da yake yanke wa agogon mutane: hannun ya gama aikinsa. Na mutum ɗaya ne, ya bi mai shi. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa?

A ƙarshen zangon nan ne Malama ta ajiye alli, shekarun aikinta suka cika. Ranar Litinin da safe yana goge takalmi, ta tsaya a ƙofar falo.

"Ka ji. Yayata ta ce in je in ɗan huta a wurinta. Ɗakin yaranta babu kowa. Asabar za a zo da mota."

"To. Kwana nawa?"

"Ban ƙidaya ba."

"Allah Ya kai mu."

Ba yaji ba ne, ba kuma wanda ya ce a rabu. Amma mutumin da ya saba duba cikin agogo ba sai an faɗa masa ba. Ya ga akwatin da ta sauko da shi, babban ne. Ya ga ta sa rigunan sanyi, ana tsakiyar zafi. Ya ga hoton Manaja ya bar bangon falo, ƙusa ce kawai ta rage. Garin yayarta yini ake yi a mota kafin a kai. Ya san in ta tafi za su riƙa gaisawa ta waya, da farko kullum, daga baya mako-mako, daga baya sai in an yi rasuwa.

Yana so ya ce kada ta tafi. Kwana huɗu yana juya maganar a shago, ya kwance ta ya ɗaura, ya sake kwancewa. Duk maganar da ya iya yi da ita ta ci ce, da sha, da juyi, da iska. Wadda babu yaron a ciki bai san ta inda ake kama ta ba. Kuma in ta zauna ta yi me? Ta ɗora shirunsa a kan nata?

Ranar Juma'a matar Mai Makulli ta aiko masa da wake, kwano cike, don ta ji an ce maƙwabci ba ya cin abin kirki. Kunya ta hana shi ƙi. Ya cinye a tsaye. Kafin la'asar ya kasa sunkuyawa kan tebur. Ya rufe shago ya taka har gida, don ba zai iya lanƙwashewa a kujerar bas ba. Bai kai ɗakinsa ba. A falo ya zube kan kafet, kusa da akwatin da aka riga aka ɗaure, ya ɗage riga, ya ɗora hannu ba mai ba ɗumi.

Ya ɗauka ta fita. Tana ɗakin Manaja. Ta fito da zanen gado ninke a hannu, ta tsaya. Idonsa a rufe, bai gan ta ba. Ta dubi cikin da ya tashi, ta dubi hannun yana zagaye, ɗaya, biyu, uku. Shekara talatin da biyar ta yi a aji, ba ta iya ganin kuskure ta wuce.

"Me kake yi haka?"

Ya zabura zai ja riga.

"Ba komai. Iska ce."

"Na ga iska ce, ai ba makauniya ba ce ni. Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"Kwana biyu. Sababbin huda uku na gani a bel ɗinka. Sake yi in gani."

"Bar shi, Malama. Ba ya ci. Hannun ne ya…"

"Na ce ka sake."

Ya sake. Hannun ya sauka a ƙugun hagu, ya hau, ya tsallaka, ya gangara ta dama.

"Ina damarka?"

Ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

"To ta ina ka fara?"

Ya dubi hannun, ya dubi cikin. Shekara goma sha tara yana wannan aiki fuska da fuska da yaron, damar yaron tana hagunsa. Hannun ya haddace hagu. Da ya juyo kan mai shi, sai ya ci gaba da farawa inda ya saba. Duk makonnin nan ba raka iskar yake yi ba, tare ta yake yi.

"Kai da kake gyaran agogo," ta ce. "Naka baya yake tafiya, ba ka sani ba."

"Ai mutum ba ya ganin ƙeyarsa."

"Ciki ne wannan, ba ƙeya ba. Ga shi nan a gabanka, har ya riga ka shiga ɗaki."

Ta ajiye zanen gadon a kan akwati ta shiga kicin. Ya ji ta ɗora buta. Da ta dawo, a hannunta akwai kwalbar man zaitun da ta rage rabi tun kafin waccan Talatar, wadda take tagar ɗakin Manaja babu mai taɓa ta. Ta ɗumama tafinta, ta durƙusa, gwiwarta ta yi ƙara. Rabon da hannunta ya taɓa shi, shi kansa mai ƙidayar daƙiƙa ba zai iya faɗa ba. Ba ta kai shi iyawa ba: tana sauri, tana dannawa fiye da kima.

"A hankali. Daƙiƙa huɗu."

"Yi shiru. Mara lafiya ba ya koya wa likita aiki."

Agogon bango ya yi musu ƙidaya har talatin. Ta ce ya ɗaga gwiwa, ya riƙe, ya saki. Ta kawo ruwan na'a-na'a da citta a kofi. Ya kai baki zai kwankwaɗe, ta riƙe gindin kofin.

"Kurɓa. Wa ya biyo ka?"

Daga nan sai jira. Shi yana kallon silin, ita tana kallon ƙusar da ke bango. Can abin ya zo, dogo, mai ƙara, ko kunya babu. Dattijo da furfurarsa ya rufe fuska da hannu biyu.

"An sa hannu," ta ce. Ba ta shirya faɗa ba, bakin ne ya riga ta.

"An tashi daga ofis," in ji shi daga bayan tafinsa.

Suka yi dariya, gajera. Daidai inda ta ukun, ta Manaja, takan shigo, wadda ta fi tasu ƙarfi, suka tsaya tare. Ta goge man da ke hannunta da gefen zane, yatsa bayan yatsa.

"Ka gane yanzu? Ta dama ake farawa."

"Na gane."

"Yi in gani."

Ya ɗaga hannu. Ya san damar sarai, wurin na nan da ɗumin tafinta. Ya dubi akwatin, ya dubi zanen gadon da ke kansa. Maganar da ya yi kwana huɗu yana nema har yanzu ba ta zo ba. Shi ne mutumin da bai taɓa miƙa wa kowa agogo yana faɗin ƙarya ba. Ya sauke hannun a ƙugun hagu, ya fara zagaye.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta san bambancin yaron da bai iya ba da wanda ya ƙi iyawa. Da wannan ta ci abinci shekara talatin da biyar.

"Kan nan naka da tauri yake, Baban Manaja," ta ce.

Ta ɗauki waya ta shiga ɗaki. Yana kwance yana jinta ta bango.

"Yaya, a bar motar nan tukuna. A'a, lafiya lau. Wani ɗalibi ne gare ni bai ci jarrabawa ba. Sai wani makon."

Wata bakwai ke nan. Akwatin yana nan a falo, bayan ƙofa, ba a kwance shi ba; da sanyi ya shigo ta buɗe gefe ta zaro riguna biyu ta mayar da igiyar. Hoton bai koma kan ƙusa ba, yana ɗakin da take kwana ita kaɗai. Kowace Juma'a takan kira yayarta ta ce sai wani makon, kuma shi bai taɓa tambayar wane makon ba.

Yanzu ƙarfe ɗaya yake rufe shago ya tafi gida. Yana ci a zaune, tana ɗaya gefen teburin. Hirar ba ta da yawa: ka tauna, ka kurɓa, gishirin ya ji? Cikin ya sauka tuni, bel ya koma hudarsa ta da. Duk da haka, rabin awa bayan abinci takan ɗora buta, shi kuma ya kwanta kan kafet ya ɗage riga.

Biyu da rabi yake komawa lungunsa. Mai Makulli ya yi makonni yana haɗiye maganar, rannan dai ta suɓuce masa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ga mai gyara wa mutane lokaci nan ya iso."

"Yauwa," in ji Mai Agogo, yana zare kwaɗo.